Injin Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Kwanta: A Buɗe A Gyara, A Sayo Tokumbo, Ko A Ɗora Sabo?

Duk mai babur mai ƙafa huɗu da ke ba da haya a bakin teku a Legas, ko a Elegushi ne, ko Alpha Beach, ko can gaba wajen Okun Ajah da Eleko, ya san akwai ranar da yaronsa zai bugo waya ya ce, "Oga, mashin ɗin nan fa ya fara hayaƙi," ko kuma, "Ya mutu a cikin yashi, mun yi mun yi ya ƙi tashi." Kafin ka ƙaraso wurin, shawara ta riga ka isa. Bakanike zai ce a buɗe a gyara. Wani abokin sana'a zai ce kada ka wahalar da kanka, ka shiga kasuwar Ladipo ka ɗauko tokumbo, wato injin da aka more a ƙasar waje. Na uku kuma zai ce ai ga injin Chana sabo fil a kwali, a ɗora kawai a huta. Kowannensu yana da inda maganarsa take daidai, kuma kowannensu zai iya kai ka ya baro idan ka bi shi a inda bai dace ba.

A ganina abu biyu ne ke yanke wannan hukunci tun kafin a zo maganar kuɗi: wane irin inji ne a jikin babur ɗin, kuma me ya kashe shi.

Mu fara da asalin injin. Yawancin baburan da ke yawo da 'yan shaƙatawa a bakin ruwa 'yan Chana ne, kuma injunansu ba su wuce gida uku ba. Akwai ƙaramin nan mai kwanciya, mai girman cc 110 ko 125, wanda aka kwaikwayo daga Honda Cub, shi ake sa wa na yara. Akwai GY6, wanda ya fi yawa a 150, mai aiki da bel, ba ruwanka da canjin giya, ka danna totur da babban yatsa ya tafi. Sai dangin CG, 200 da 250, jikokin Honda CG125 da ta fito a 1975, irin injin da ke jikin baburan acaɓa da yawa da kekunan ɗaukar kaya. Kada ka dogara da sunan da aka liƙa a jikin roba, wannan kowa na iya bugawa. Ka duƙa ka duba gidan injin ta hagu, ƙasa-ƙasa, akwai lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Lamba ta farko yawan silinda ce, biyun da ke bin ta kuma faɗin fistin ne a milimita. Idan ka ga 157QMJ, GY6 ne mai 150, faɗinsa milimita 57.4. Idan 152FMH ne, ƙaramin 110 ne. 163FML shi ne CG 200, sai 167FMM da ake kira 250 alhali a gaskiya bai wuce 230 ba. Da wannan lambar za ka shiga kasuwa, ba da sunan babur ba.

Ɗaya ɓangaren kuma manya ne: Honda TRX, Yamaha Grizzly da Raptor, Suzuki KingQuad, Kawasaki Brute Force, Polaris ta Amurka, da Can-Am ta Kanada mai ɗauke da injin Rotax. Waɗannan galibi a kwantena suka shigo bayan an more su a waje, kuma an fi ganinsu a gidajen hutun masu hali a Ilashe, ko a gonaki wajen Epe da Badagry, inda 'yan'uwanmu da dama ke gadi ko kula da su. CFMoto 'yar Chana ce, amma a wannan lissafin ka sa ta cikin manya, domin injunanta masu lagireto ne, na baya-bayan nan kuma kwamfuta ke raba musu mai. Shawarar da ta dace da GY6 za ta iya zama ɓarna a kan Grizzly, haka nan akasin haka.

Sai abin da ya kashe injin. A bakin tekun Legas makasa uku ne, kuma kowanne da inda yake kamawa.

Yashi ta sama yake shiga. Matatar iska ta yage, ko robar da ke tsakaninta da kafireto ta tsage, ko kuma yaro ya wanke soson da fetur ya mayar a bushe bai shafa masa mai ba. Daga nan inji ya dinga shaƙar ƙurar yashi yana goge ring da silinda da bawul ɗin shigar iska a hankali. Alamunsa sanannu ne: wuyar tashi da safe, shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, ga ƙarfi ya ragu har ya kasa fita daga yashi mai laushi da mutum biyu a kai. Gwajinsa ba ya buƙatar sisi. Ka cire matatar, ka zura yatsa cikin bututun da ke bayanta ka shafo. In ka ji gurza-gurza, ka ga ɓarawonka. Labari mai daɗi shi ne, idan an farga da wuri, ƙasan injin, wato ɓangaren karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, yakan tsira.

Ruwa kuwa ba ya jira. Mai haya ya hango igiya, yana son a ɗauke shi hoto ruwa na fantsama, sai ya kutsa. Inji ya zuƙi ruwa, fistin ya taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe. Ko da bai lanƙwashe ba, ruwan gishiri ya gangara ƙasa ya haɗu da mai, ka ja sandar awo ka ga man ya koma kalar shayi da madara. Idan nan take aka cire fulogi, aka juya injin ya tofar da ruwan, aka canza mai sau biyu ko uku a ranar, akwai fatan tsira. Idan kuwa yara suka ji tsoron faɗa maka, suka tura shi ƙarƙashin rumfa ya kwana biyu, to tsatsa ta riga ta kama boris ɗin karanshaf. Zai iya tashi, har ya yi mako yana aiki, sannan ya fara ƙwanƙwasa.

Na uku rashin mai ne, kuma shi ya fi muni don ba ya barin ko'ina. GY6 ko lita ɗaya ba ya ci. Injin da ya riga ya fara hayaƙi yana ƙona wannan ɗan man, ranar Lahadi ga layin mutane, ba wanda ya tuna da sandar awo. Kam da rokarsa, masu buɗe bawul, su fara cinye juna a sama, babban kan konrod ya biyo baya a ƙasa. Wani abin lura kuma, GY6 ba shi da filtar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce kawai a wajen da ake zubar da mai. Duk garin ƙarfen da ya fi ƙarfin ragar zai yi ta zagaya injin.

Saboda haka kafin kowa ya ambaci farashi, a zubar da man a cikin farin kwano mai tsabta a fito da shi rana. Ɗan toka-toka kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. Ƙyalli kalar tagulla yana nuna babban kan konrod ya fara ci. Ɓurɓushin da maganaɗisu ya kama kuwa boris ne ko giya ko kam. Idan akwai agogon auna matsi, a auna, sannan a ɗiga cokali guda na mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In awon ya tashi, ring ne. In bai motsa ba, a nemi laifin a bawul ko gaskit. Amma a kula, manyan injuna da yawa suna da wata 'yar dabara a jikin kam da ke rage matsi lokacin tayarwa, don haka awonsu kan nuna ƙasa ko da lafiyarsu ƙalau. Bakaniken da bai san wannan ba zai yanke wa lafiyayyen inji hukuncin kisa. Gwaji na ƙarshe sai an cire silinda: ka riƙe konrod ka ja sama ka danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe halal ne. Motsi sama da ƙasa, ko yaya yake, ƙasa ta tafi.

To, yanzu a zo kan gyara.

Idan injin ɗan Chana ne kuma sama ce kawai ta lalace, babu wata muhawara, a gyara. Ana sayar da silinda da fistin da ring da fin da gaskit a kwali ɗaya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sabon inji, kuma aikin yini ɗaya ne. Ba ma sai an kai silinda wajen masu borin, wato masu faɗaɗa cikin silinda, ba, sabuwa ta fi sauƙi. Dangin CG sun fi kowa sa'a a nan, domin kayansu su ne kayan acaɓa da keken kaya, ana samunsu daga Agege har Ajah, ga kasuwar kayan gyara ta ASPAMDA a Trade Fair kan hanyar Badagry, ga kuma Nnewi da ke ciyar da ƙasar nan baki ɗaya da kayan babur. Kayan GY6 ba su kai haka yawa ba, amma ana samu. Mai kaya zai iya kwaɗaita maka babbar silinda, 61 ko 63 a maimakon 57, wai don ƙarin ƙarfi. Ga babur ɗin haya ban ga amfaninta ba. Ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne a injin da fanka kawai ke sanyaya shi, kuma ka ɗora wa tsohon karanshaf nauyin da bai saba ba. Mai haya ma da zai hau minti goma ba ƙarfi ya zo nema ba.

Idan ƙasa ta tafi a injin Chana, nan ne lissafi ke canzawa. Za a raba gidan inji biyu, a sa sabon karanshaf, boris, oyal sil, famfon mai, sarƙar taimin idan GY6 ne, sannan duk kayan sama. Ka tara wannan da kuɗin aiki da zirga-zirga. Ma'aunin da nake bi shi ne, da zarar jimlar ta doshi kashi biyu cikin uku na kuɗin sabon inji, na haƙura da gyara. Dalili kuwa, bayan ka kashe wannan kuɗin, giyar baya da sitata da kwayil da kulocin duk tsofaffi ne da suka sha gishiri, kowanne na jiran ranarsa.

Manyan injuna kuwa labarinsu daban ne, kuma a nan na fi son mai karatu ya tsaya. Injin Honda ko Yamaha da aka gyara da kayan gaske, a hannun wanda ya iya, yakan dawo kusan sabo, kuma babu wani abu a kasuwar Legas da zai maye gurbinsa. Tsofaffin, irin TRX300 da Honda ta yi daga 1988 zuwa 2000, silindarsu tana da rigar baƙin ƙarfe a ciki, ana iya yi mata borin a sa fistin mai ƙarin faɗi, 0.25 ko 0.50 har zuwa milimita 1. Ƙa'idar ita ce a fara sayen fistin, a kai wa mai borin ya auna shi ya yanka daidai da shi, ba a yanka sannan a tafi neman abin da zai shiga ba. Amma da yawa daga cikin na zamani babu wannan rigar. Alminiyam ne aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai tsananin tauri, wanda aka fi sani da Nikasil. Ka kai wa mai borin ya sa masa wuƙa, ka kashe silindar har abada. Ka gwada da maganaɗisu: in ya manne da ƙarfi, rigar ƙarfe ce; in bai kama sosai ba, rufi ne. Mai rufi, idan bai ɓantare ba, wanke shi ake yi a sa sabon fistin da ring daidai da na asali. Idan ya ɓantare, sai sabuwar silinda, ko a sa masa rigar ƙarfe a wurin ƙwararru.

Karanshaf ɗin waɗannan injuna masu silinda ɗaya galibi haɗa shi aka yi da matsi. Canza konrod yana buƙatar injin matsawa, sannan a ɗora shi a kan ma'auni mai agogo a daidaita har karkacewar ta koma 'yan ɗigo na milimita. Wanda ya ce maka zai yi da guduma da ido, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Idan babu mai wannan aikin kusa, sayen karanshaf ɗin a haɗe ya fi kwanciyar hankali, duk da tsadarsa.

Wannan ya kawo mu kan babbar matsalar gyara, wadda ba ƙarfe ba ce, hannu ce. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yunin 2022, ciki har da Eti-Osa inda Lekki take, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar, cikin yaranmu da bakanikensu akwai waɗanda suka gangaro bakin ruwa neman abinci. Bakaniken acaɓa ya san CG kamar yunwar cikinsa, ka ba shi hankali kwance. Amma inji mai lagireto da bawul huɗu ko biyar da kwamfuta wani karatu ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce bai iya ba. Ba sai ka yi masa jarrabawa ba, ka duba akwatin kayan aikinsa. Yana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri? Yana da siraran ƙarafan auna tazara? Tazarar bakin ring a cikin silinda tana da ƙa'ida, kusan milimita 0.1 ga kowane milimita 25 na faɗin fistin. Ta yi kaɗan, ring ya kumbura da zafi ya kama. Tazarar bawul a GY6 wajen milimita 0.1 ce idan inji ya huce. Waɗannan ba a jin su da yatsa. Ka kuma lura da yadda yake shafa gam. Mai lafta gam a kan kowane gaskit, rarar tana ɓallewa ta ciki ta toshe hanyar mai, sabon kam ya ƙone cikin mako.

Kuma don Allah kada a buɗe inji a bakin teku. Na sha ganin gidan inji a buɗe a kan buhu, iska na kaɗawa, yashi na sauka a kan boris ɗin da aka sayo da tsada. A sauke injin a kai shi wuri mai daɓen siminti da rufi. Silindar da aka goge cikinta a wanke ta da ruwan zafi da sabulu har sai farin ƙyalle ya fito fes, domin fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen gugar. Ka je kasuwa tare da bakaniken ka biya kuɗin kaya da hannunka, ka kuma ce tun farko, "Malam, duk abin da aka cire a ajiye mini." Ba zargi ba ne, kuma bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Tokumbo fa? Sunansa na da daɗi, musamman ga wanda ya saba da harkar mota, inda injin Toyota na tokumbo yakan fi gyara sauƙi. Amma Ladipo da ke Mushin kasuwar mota ce. Injin Corolla za ka tarar da su jere ka zaɓa ka darje. Injin babur mai ƙafa huɗu kuwa sai wanda Allah ya kawo a kwantena, kuma mai shi ya san ba ka da wani zaɓi. Ka tambayi kanka abin da ya sa aka raba injin da babur ɗinsa a Amurka ko Kanada. Idan karo aka yi firam ya lanƙwashe, ka yi sa'a, injin na iya zama lafiya. Idan kuwa a taɓo ya nutse, ko ambaliya ta ci shi aka yi gwanjonsa, to matsalar da kake gudu ce ka sayo da kuɗin waje. Agogon da ke ƙirga awannin aiki a jikin babur yake, ba a jikin inji ba, don haka babu mai iya gaya maka shekarunsa na gaskiya. Tayar da shi a ƙasa ma ba hujja ba ce sosai, inji mara kaya a kansa yakan ɓoye ciwonsa.

Akwai kuma wanda a nan cikin gari ya gama rayuwarsa, aka wanke da fetur aka fesa masa fenti ya koma tokumbo. Wannan a kowace kasuwa ana samu. Ka duba kan notuna ko sun sha sifana har sun mulmule, ka duba gefen gaskit ko gam ya leƙo, ka duba lungunan da fenti ya hau kan datti. Ka roƙi a cire fulogi, a buɗe wajen zubar da mai, a leƙa ramin shigar iska da fitilar waya. Mai kayan da ya ƙi yarda da waɗannan ukun ya riga ya ba ka amsa. Garantin da ake bayarwa na kwanaki ne, kuma yakan faɗi da zarar an kwance noti ɗaya, shi ya sa suke ɗiga fenti a kansu. A rubuta kwanakin a rasit, kuma ka tabbata bakanikenka a shirye yake ya ɗora a ranar, kada garanti ya ƙare inji na zaune a shago.

Ga masu kwamfuta akwai ƙarin tarko. Injin shekara kaza ba lallai ya yi magana da kwamfuta da wayoyin babur na wata shekarar ba, ko da sunansu ɗaya. Can-Am ma makullinta na da lambar sirri da kwamfutar ke ganewa. Idan za ka sayi irin wannan, ka nemi a haɗa maka da kwamfutarsa da wayoyinsa, ko ka tabbatar shekara da samfuri sun zo ɗaya.

To yaushe tokumbo ke da ma'ana? Idan babban inji ne kuma gidansa ya fashe, misali konrod ya tsinke ya huda shi, ko gishiri ya cinye mazaunin boris. A nan babu abin da za a gina gyara a kansa. Ko a hakan, ni na fi ɗaukar tokumbo a matsayin tushen gyara: ka saye shi a farashin da zai bar maka rarar canza ring da oyal sil da gaskit, ka buɗe samansa ka gani da idonka bayan garanti ya wuce. Tokumbon injin Chana kuwa, ban ga dalilinsa ba ko kaɗan. Araha ba ta ado.

Sabon inji zaɓi ne na 'yan Chana kawai. Sabon injin Yamaha ko Polaris a kwali, ko an same shi, da dala za a yi maganarsa, kuma tun Yunin 2023 da aka saki naira ta nemo wa kanta farashi, wannan magana ta fi ƙarfin mai haya. A ɓangaren Chana, akwai kamfanoni masu suna irin Zongshen da Loncin da Lifan, akwai kuma marasa suna da ke kwaikwayonsu. Amfanin sabo a fili yake: komai sabo ne lokaci guda, kuma ba ka dogara da gwanintar bakanike sosai ba, ɗorawa ce kawai. Inda ake faɗawa rami shi ne wajen dacewa. GY6 na sikuta da GY6 na ƙafa huɗu ba ɗaya ba ne. Na biyun yana da giyar baya, kuma tsawon gidan bel da bakin shaf ɗin da ke juya sarƙa sun bambanta daga wani zuwa wani. Kwayil ɗin cikin inji ma akwai mai ƙafa shida, akwai takwas, akwai sha ɗaya, kuma dole ya dace da akwatin wuta da wayoyin babur ɗinka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki tsohon injin ka tafi da shi kasuwa a ajiye su gefe da gefe, a ƙirga ramukan ɗauri. Man da ya zo a cikinsa na ajiya ne, a zubar a zuba na kirki kafin a fara aiki. Dangin CG kulocinsu a cikin mai yake wanka, don haka man babur suke so mai alamar JASO MA, ba kowane man mota ba. GY6 kulocinsa busasshe ne, bai damu da wannan ba.

Akwai wata dabara ta huɗu da ake yawan kawowa, wato a ɗauko injin acaɓa a yi walda a ɗora. Yana tashi, yana tafiya, amma injin acaɓa iskar gudu ce ke sanyaya shi, ba shi da fanka, shi kuwa babur ɗin yashi rayuwarsa duk a ƙaramin gudu da babban nauyi take. Ga shi babu giyar baya, duk wanda ya kafe sai yara sun ɗaga. Idan dole sai an yi, injin keken kaya ya fi kusa, tunda an tanadar masa baya, wasu ma masu lagireto ne. Ɗora injin Chana a kan babban babur mai jan ƙafa huɗu da shaf kuwa, wannan ka rushe darajarsa ne kawai; ranar sayarwa za ka gane.

Lokaci ma kuɗi ne, kuma a wannan sana'a ba kowane wata ne ɗaya ba. Yuni da Yuli ruwa ya hana mutane fitowa, nan ne lokacin buɗe inji a natse, a yi odar fistin daga waje a jira shi makonni ba tare da an yi asarar komai ba. Amma injin da ya kwanta a tsakiyar Disamba, ko ana jibi Sallah, kowane yini da ya yi a kwance kuɗin wani ɓangare ne na sabon inji. A irin wannan lokacin, ga ɗan Chana, zan ɗora sabo ko da lissafin takarda ya ce gyara ya fi sauƙi, in ajiye tsohon a gyara shi da damina ya zama na ko-ta-kwana. Mai babura uku ko huɗu masu inji iri ɗaya ya kamata ma a ce yana da irin wannan a ajiye. Ka kuma sa nisa a lissafi. Daga Eleko zuwa Mushin da dawowa, da cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe, yini ne sukutum. Wanda ke Ilashe kuwa sai ya haɗa da kuɗin jirgin ruwa, kuma duk abin da aka manta a kasuwa wata tafiyar ce.

Ko gyara aka yi ko sabo aka ɗora, awannin farko ba na masu haya ba ne. Baƙo ya biya kuɗinsa, zai danne totur har ƙarshe, ba kuma za ka hana shi ba. Ka ba yaronka mai hankali ya yi ta zagayawa a kan yashi mai tauri, yana ƙarawa yana ragewa, yana barinsa ya huce, na 'yan awanni. A zubar da man farko da wuri, a sake auna bawul, a sake duba ɗaurin kan inji. Kuma a toshe ƙofar da ɓarnar ta shigo: sabuwar matatar iska, sabuwar robar kafireto, soso biyu ana musanyawa, ɗaya a jiki ɗaya a wanke an shafa masa mai.

Tsohon injin kuma kada ka yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Ka cire kan injin idan bawul ɗinsa na da sauran rai, da sitata, da kwayil, da kafireto, da kulocin baya da fulin gaba, da akwatin giyar baya. Ka wanke su da kananzir, ka shafa mai, ka ɗaure a leda saboda iskar gishiri, ka rubuta lambar injin a jiki. Giyar baya ta GY6 musamman, wuyar samu gare ta a kasuwa.